Gyaran tsohon babur: birki kafin fenti

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ke lashe albashin ƙaramin ma'aikacin da ke zaune a Nyanya ko Karu. Tsohon babur ƙirar Honda XL 125, wanda aka ƙera domin kwalta da burji, na iya zame masa mafita, matuƙar ya san inda zai fara kashe kuɗinsa.

Gogaggen makanike kan fara da birki da tayoyi, sannan sarƙa da haƙoranta, kafin ya wanke kafireto, ya sauya fulogi da baƙin mai. In salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, galibi ringin fistin ne ya cinye. Fenti shi ne na ƙarshe, domin ƙyallin tanki ba ya tsayar da babur a gangaren Kugbo.