Karo-karo ta intanet: irin maganar da ke sa jama'a su zuba kuɗi

Matashin da banki ya hana wa bashi don ba shi da jingina yana iya baje shirinsa a intanet, jama'a su yi masa karo-karo. Aikin da dandali irin su Kickstarter na Amurka, wanda aka buɗe a 2009, da Ulule na Faransa, wanda ya fara a 2010, suke yi ke nan. A Kickstarter, in kuɗi ba su kai adadin da aka nema ba kafin wa'adi ya cika, mai shirin ba ya samun ko dala. Masu bayarwa kuma ba su san shi ba, maganarsa kawai suke aunawa.

A 2014, Tanushree Mitra da Eric Gilbert na jami'ar Georgia Tech sun binciki kalaman shirye-shirye kusan 45,000 a Kickstarter. Sun gano cewa kalaman da ke faɗa wa mutum abin da zai samu a madadin kuɗinsa, da masu nuna wasu sun riga sun bayar, sun fi yawa a shirye-shiryen da suka ci nasara. Kalaman roƙo da na kukan kasawa kuwa sun fi fitowa a waɗanda suka faɗi. A wannan shekarar dai, Ethan Mollick na makarantar Wharton ya nuna cewa kuskuren rubutu na tafiya da raguwar sa'ar samun kuɗin, saboda alama ce ta rashin shiri.

Sai dai lamarin ya bambanta a Kiva, ƙungiyar da tun 2005 take haɗa ƙananan ƴan kasuwa da masu ba da rance ba don neman ruwa ba. Wani bincike na 2015 kan rance sama da 36,000 a ƙasashe 51 ya nuna cewa bayanin da ya fito da taimakon da sana'ar za ta yi wa mutane ya fi saurin samun kuɗi fiye da wanda ya cika zancen riba.

Don haka ɗan kasuwar Maradi ko Damagaram da ke neman jari ta wannan hanya, sai ya fara sanin wa yake yi wa magana. Mai jiran kaya yana son jin farashi, ranar isarwa da shaidar an fara aiki. Mai ba da rance don taimako kuwa yana son sanin su wa za su amfana, kuma ta yaya.