Me Ke Kumbura Mai Jego?

A Wurno, Rabah da Goronyo akwai ciwon da tsofaffin mata suka daɗe da saninsa. Mace ta haihu lafiya, an yi suna an watse. Kafin arba'in sai ƙafafu su kumbura, tari ya hana ta barci, in ta kwanta numfashi ya sarƙe, sai ta kwana a zaune jingine da bango. Sau da yawa yarinya ce ɗanya shakaf, ba ta taɓa ciwon zuciya ba. Me ya same ta?

A gida cewa ake yi sanyi ne ya shige ta. Sai a ƙara itace a tukunyar wanka, a ƙara kanwa a kunu.

Likitocin Zariya ne suka fara bin sawun abin. A 1978 Davidson da Parry suka wallafa bayanin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka lura da wankan jego safe da yamma, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin jini, zuciya ta ƙara aiki. Ashe abin da ake magani da shi yana cikin abin zargi. A 2007 Isezuo da Abubakar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, suka samu ciwon sau ɗaya cikin haihuwa 102 a asibitin, alhali a Amurka sai cikin dubbai.

To amma da sauran rina a kaba. Kusan kowace mai jego a ƙasar Hausa tana wanka tana shan kunun, me ya sa ɗaya tak cikin ɗari ke kwantawa? Ga shi ciwon ya yi yawa a Haiti, inda ba a san wankan jegonmu ba.

Sawu na biyu daga Yamai ya fito. A 1992 Cénac da abokan aikinsa suka ga masu ciwon suna da ƙarancin seleniyam a jini, sinadarin da jiki ke samu daga kifi, ƙwai, hanta da hatsi, wanda rashinsa ya taɓa lalata zuciyar yara da mata a yankin Keshan na ƙasar Sin. A 2015 Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya sake aunawa: kusan kashi 77 cikin ɗari na masu ciwon seleniyam ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai, masu jego lafiyayyu kuwa kashi 22. Daga baya ya jagoranci binciken PEACE kan mata 406 a faɗin Nijeriya. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatu, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wanka da kanwa ba su tsaya a matsayin musabbabi ba.

A ganina nan zaren ya haɗu. Zuciyar ta raunana tun cikin goyon ciki, a jikin da bai ƙoshi ba, kanwa da zafi kuma lodi ne kan jakin da ya riga ya gaji. Abin yana min ciwo: ana kama kifi a madatsar ruwan Goronyo da gulbin Rima, ya wuce kasuwa, mai ciki na gida da tuwo da miyar kuka.

Kumburi da haki ga mai jego ba na jiran arba'in ba ne. A kai ta babban asibitin ƙaramar hukuma a auna jini, a tura ta Sakkwato a ɗauki hoton zuciya, a dakatar da kanwa. Da magani wasu kan warke sarai cikin watanni. Wadda zuciyarta ba ta dawo daidai ba, sabon ciki na iya halaka ta, don haka sai an sake hoton kafin ta ɗauka. In ta samu cikin, likitan zuciya da na haihuwa ne za su riƙe ta tare, domin wasu magungunan zuciya, irin su lisinopril, suna cutar da ɗan tayi, dole a sauya su.