Filin Mata: Mu Leƙa Hamburg, Birnin Rumbuna A Bakin Kogi

Yau filin namu zai fita da ku waje kaɗan, don Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Za mu je Hamburg, birni na biyu wajen girma a ƙasar Jamus bayan Balin, mai mutum kusan miliyan 2. Kada wata ta ce ina ruwanta da garin da ba za ta taɓa gani ba. Yanzu mata na bin mazansu ƙasashen waje karatu ko fatauci, wasu kuwa karatun kansu ke kai su. Ban da haka ma, mu mutanen Dawanau muna da hannu a cinikin garin nan, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Hamburg tana bakin wani babban kogi da ake kira Elbe, kamar mil 60 daga teku, amma saboda zurfinsa manyan jiragen ruwa kan shigo har cikin gari. Ita ce babbar tashar jiragen ruwa ta Jamus duka. To, 'yar'uwa, in Allah ya kai ki, kada ki ƙare kwanakinki a kantuna kina tayin atamfa da takalmi. Ki ce wa maigida ya fara kai ki bakin kogi. Akwai ƙananan jirage na fito da ke ɗaukar mutane kamar yadda bas ke yi, da tikitin bas ɗin ma ake shiga. Daga ciki za ki ga akwatunan ƙarfe na kaya an jibge su kamar duwatsu, injuna na ɗagawa suna saukewa dare da rana. In kina da ƙarfin hali, akwai wata hanya da aka haƙa a ƙarƙashin kogin tun 1911, tsawonta ya fi mita 400, ki taka da ƙafarki ki ɓulla ɗaya hayin, jirage na wucewa bisa kanki.

Daga nan sai unguwar da na fi so ki gani. Sunanta Speicherstadt, watau Birnin Rumbuna. Dogayen benaye ne na jan bulo, an fara gina su a 1883 bisa turakun itace da aka kafa cikin ruwa, ga magudanai sun ratsa tsakaninsu yadda kwalekwale zai kawo kaya har gindin bango. A nan aka riƙa ajiye gahawa, da ganyen shayi, da koko, da kayan yaji, da dardumai daga ƙasashe masu nisa. A 2015 hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihi na duniya. Ki lura fa, ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba ya fitowa a gonar Bajamushe. Da iya ajiya, da tsince kaya, da awo na gaskiya suka yi wannan arziki.

Ashe ba sana'ar garinmu ke nan ba? Kasuwarmu ta Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a kan hanyar Katsina, ita ma birnin rumbuna ce, sai dai tamu manyan motoci ke shigo mata maimakon jirage. Riɗi da zoɓo da citta da ake lodi a nan suna kaiwa har Turai. In kika shiga kantin abinci a Hamburg za ki tarar da zoɓo a niƙe cikin 'yan ƙulle-ƙullen shayi, an zuba a kwali mai kyau, ga kuma riɗi an barbaɗa bisa burodi. Wa ya sani ko wannan zoɓon hannun maƙwabciyarki ne ya tsince shi, ta wuni zaune da faifai a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba? Wanda ya wanke, ya auna, ya rubuta bayani a jikin kwali, shi ke kwashe ribar. Aikin nan kuwa na masu karatu ne. Ku 'yan makaranta ku riƙe wannan.

Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, saboda haka ki yi cefanenki tun Asabar. Amma da asubar Lahadin akwai kasuwar kifi ta unguwar Altona, wadda ke ci tun 1703, ta kuma watse da ƙarfe tara da rabi na safe. Masu kifi da masu ayaba na ta kwarmato kamar 'yan gwanjo. Wajen abinci, kifi shi ne mafi kwanciyar hankali, don naman alade ya yi yawa a girkinsu, kada ki ji kunyar tambaya. A titin Steindamm kusa da babbar tashar jirgin ƙasa akwai kantunan Turkawa da Larabawa masu naman halal, da masallatai. Ki tafi da rigar sanyi da lema ko da bazararsu ce, don ruwa ba ya sallama. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa tun ƙarfe huɗu, saboda haka ki nemi takardar lokutan salla. Ki kuma kiyayi hanyar masu keke a gefen titi, ba su son a tare musu.

Ba ke ce Bahaushiyar farko da garin zai gani ba. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasarmu da suna Abdulkarim, a Hamburg aka haife shi a 1821, ya shigo Kano a 1851 ya yi mamakin rini da saƙa da cinikinmu. Da zai koma a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, har ya kai shi Hamburg. Dorugu ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa aka rubuta, daga baya ya dawo ya rasu a Kano a 1912. Jami'ar Hamburg kuwa ta daɗe tana koyar da harshenmu.

Kada tsabtar garin ta sa ki zaci haka Allah ya halicce su. A 1892 annobar kwalara, watau amai da gudawa, ta kashe mutum fiye da 8,000 a Hamburg cikin 'yan makonni. Dalili shi ne suna shan ruwan kogi ba tacewa, alhali cikinsa ake zubar da ƙazantar gari. Maƙwabtansu na Altona daga kogin nan suke sha, amma da yake suna tace nasu da rairayi, sai cutar ta taɓa su kaɗan. Bayan wannan ne Hamburg ta kammala matatar ruwanta. To, ke da ke ɗiban ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, tafasa ruwan sha da rufe randa shi ne matatarki, musamman da damina.

Haka kuma batun ajiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, don an sami maganin ƙwari a jikinsa fiye da kima, irin gubar nan da ke cikin fiya-fiya. Abin da Bature ya ƙi ba 'ya'yansa, mu me ya sa za mu dafa wa namu? Ki shanya wakenki ya bushe ƙarau, ki zuba a jarka mai murfi ko buhun nan mai leda biyu a ciki, ki ɗaure tam yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwari za su mutu da kansu ba tare da ɗigon magani ba. In maigida ɗan kasuwa ne, ki faɗa masa wannan cikin ladabi.

Wadda Allah ya nufa da tafiya, ta bi ta ƙofa: fasfo, da biza daga ofishin jakadancin Jamus, da tikitin dawowa. Kada wani ya ruɗe ki da hanyar hamada. Iyaye kuma ku bar yarinya ta ƙare karatunta kafin a ɗora mata faifan tsinta, ko Allah ya sa wata rana zoɓonmu ya tafi Hamburg cikin kwalin da 'yar Dawanau ta rubuta sunanta a kai.