Juya Kan Jariri Da Hannu: Ilmin Da Ya Kamata Ungozoma Ta Sani

Daga Ƙofar Dawanau zuwa Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, wanda a da ake kira Asibitin Birni, ba wata tafiya ba ce ga mai lafiya. Amma ga macen da ta kwana biyu kan gwiwa, tafiyar nan tana iya zama tsakanin rai da mutuwa.

Ga abin da ke kawo wata doguwar naƙudar. Bisa al'ada jariri kan sauko da kai, ƙeyarsa na wajen marar uwa. Wani kuwa sai ya sauko ƙeyarsa na wajen bayanta. Yawancinsu sukan juya da kansu, amma kamar biyar cikin ɗari sukan tsaya haka, kan ya cije a ƙugu. In an daɗe, kan yakan danne mafitsara har naman ya mutu, mace ta sami yoyon fitsari, ɗan kuma ya salwanta.

To, likitoci suna da dabara. In bakin mahaifa ya buɗe sarai, faya ta fashe, an zubar da fitsari, sai gwani ya sa hannu cikin safa mai tsabta, ya sunkuyar da kan, ya juya ƙeyar gaba yayin da uwa ke nishi. A wani gwaji da aka yi a Faransa, wanda aka buga a 2021, an ga ya rage yawan tiyata da jawo ɗa da ƙarfe. A Ostireliya kuwa, a gwajin da aka buga cikin shekarar, ba a ga bambanci sosai ba. Ashe dabara ce mai amfani, amma sai a hannun wanda aka horar, a inda ake iya yin tiyata in ta ƙi.

Binciken da Likita Harrison ya yi a Zariya kan haihuwa 22,774, wanda aka buga a 1985, ya nuna matan da ba su zuwa awo su suka fi mutuwa. Saboda haka, malamai da akawuna, ku faɗa wa jama'a: yankan gishiri ba ya juya kan jariri, kuma kada rana ta faɗi sau biyu mace na naƙuda a gida. Ku kuma bar 'ya'yanku mata su kai makarantar ungozoma, gama hannun da zai iya aikin nan daga aji yake fitowa. Allah Ya sauki mata lafiya, amin.