Likitocin Samaru da Zazzaɓin Aladu

Wanda ya tsaya a Ƙofar Jatau da safe zai ga awaki da tumaki suna fita kiwo daga birnin Zariya, amma ba zai ga alade ko ɗaya ba, gama mutanen birni ba su kiwonsa. Duk da haka a ƙasar Zariya ne, watau a Samaru, aka horar da likitoci da yawa waɗanda suke duba aladunmu na Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai.

Ma'aikatar dabbobi ta fara zama a Zariya kafin a kai ɗakin bincike Vom cikin 1924. A lokacin nan bushiya ce take ƙare shanu, ba wanda ya kula da alade. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, ba a daɗe ba kuwa aka kafa sashen koyon likitancin dabbobi da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. Ɗalibi yakan yi shekara 6 kafin a kira shi likita. In yana so ya zauna ya koyar, ya kuma yi bincike, sai ya ƙara digiri na biyu da na uku. Aikin ba na mai ƙyama ba ne: feɗe mushe, duba saifa da hanji, ɗiban jini, da yawo ƙauye ƙauye ana tambayar masu kiwo.

An ci nasarar bushiya da allura. An fara babban rigakafi cikin 1962, ciwon ya komo cikin 1983, amma cikin 2011 aka sanar ya ƙare a duniya duka. Zazzaɓin aladu na Afirka dabam yake. Tun 1921 aka bayyana shi a Kenya, ya shigo Nijeriya da ƙarfi cikin 1997 ta wajen Legas da Ogun, daga can ya hau Arewa. Ba shi da magani, ba mu kuwa da allurar rigakafinsa a hannu. Alade yakan ƙi abinci, jiki ya yi zafi, kunnuwa da ciki su yi ja, cikin kamar kwana 10 ya mutu. Garke duka yana iya tafiya, kuɗin makarantar yara ya tafi tare da shi. Ba ya kama mutum.

To, me likitan ya samo mana? Ya samo hanyar da cutar take bi, yawancinta kuwa ta hannunmu ce. Ƙwayar takan yi watanni cikin nama ba ta mutu ba. Tana bin takalmin dillali, da motar kasuwa, da ragowar abincin da ba a tafasa ba, da namijin da muke arowa daga maƙwabci. Mafi muni shi ne gaggawar sayarwa: da mutum ya ga biyu sun faɗi, sai ya kwashi sauran zuwa babbar kasuwa irin ta Katsit kusa da Kafanchan. Ba mu ga laifinsa ƙwarai ba, tsoron hasara ne, amma ta haka ciwon gida ɗaya yake zama na jiha uku.

Saboda haka likitocin suna cewa a tsare aladu cikin ɗaki, a daina sakinsu. Sabon alade ya yi wata guda shi kaɗai. Dillali ya tsaya bakin ƙofa. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi, kada a ci, kada a sayar, a kuma kira malamin dabbobi ya ɗibi jinin sauran a aika Vom.