Megawat 1,000 a Gwiwa: Me Ya Sa Rana Kaɗai Ba Ta Isa Ta Kawo Wuta Ba?

A shekarar 2018 Bankin Raya Afirka ya amince da tallafin dala miliyan 1.5 domin share fagen wani babban aiki a Jihar Jigawa: tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 1,000, wadda aka tsara kafawa a ƙaramar hukumar Gwiwa. Kuɗin ba na gini ba ne, na nazari ne da tsara yadda kamfanoni za su yi takarar gina tashar kashi-kashi. Don a gane girman abin, wutar da babban layin ƙasa ke rarraba wa Najeriya baki ɗaya galibi tana tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 ne. Ke nan da tsakar rana, Gwiwa kaɗai za ta iya ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan adadi.

Shekaru sun wuce, tashar ba ta fara ba da wuta ba. Mai walda a Kazaure da mai injin niƙa a Roni da mai sayar da ƙanƙara a Babura har yanzu janareta ne abin dogaronsu. Rana kuwa ba ta yi rowa ba, domin arewacin Jigawa na cikin yankunan da suka fi samun hasken rana a ƙasar nan. Cikas ɗin yana wasu wurare ne.

Me ake nufi da megawat 1,000?

Allon sola na manyan tashoshi a yanzu yana ba da wat 600 ko kusa da haka. Idan aka raba, ana buƙatar alluna kusan miliyan 1.7, a kan fili mai faɗin hekta 2,000 ko makamancin haka. Wannan ƙasar noma ce da kiwo, don haka maganar diyya da burtali tana zuwa tun kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya.

Shi allon, kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyinsa gilashi ne, sai firam na alminiyam, sai siraran faifan silikon da ake tacewa daga farin dutse, da ɗan tagulla da azurfa. Tace silikon na cin wuta sosai, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na aikin ƙera alluna a Sin ake yi, inda kwal ke da babban kaso a wutar masana'antu. Saboda haka allon yakan iso ne da bashin hayaƙi a wuyansa. Sai dai a wuri mai rana irin Gwiwa, cikin shekara ɗaya zuwa biyu yake mayar da makamashin da aka kashe wajen ƙera shi, alhali yana aiki shekara 25 zuwa 30.

Akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi, su ɗauka zafi ne ke ba da wuta. Haske ne ke bayarwa, zafi ragewa yake yi. Ana auna ƙarfin allo ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan haka, yana rasa kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. A watan Afrilu, lokacin da fuskar allo ke iya haura digiri 60, an yi asarar sama da kashi 10 ke nan. Da hunturu kuma sanyi na taimakawa, amma ƙura na kwantawa a kan gilashin, hazo na tare hasken. Wanke alluna miliyan ɗaya da ɗoriya da ruwa a yankin da jama'a ke layi a bakin burtsatse ba ƙaramar magana ba ce, shi ya sa manyan tashoshin ƙasashen hamada suka koma ga ƙananan na'urori masu bin layin alluna da dare suna share ƙura da burushi, ba tare da ɗigon ruwa ba. Duk waɗannan matsaloli ne da injiniyoyi suka riga suka san maganinsu.

Waya da mai saye

Babbar matsalar farko ita ce hanyar fitar da wutar. Layi mai ƙarfin kilobolt 132, irin wanda ke kai wuta manyan garuruwan yankin, ba ya ɗaukar ko rubu'in megawat 1,000. Sai an ja manyan layuka masu kilobolt 330 da sabbin tashoshin taransifoma, a haɗa su da babbar tashar Kumbotso a Kano da sauran sassan ƙasa. Wannan aikin kamfanin TCN ne na gwamnati, kuma babu ɗan kasuwar da zai zuba kuɗinsa a alluna alhali bai ga turakun da za su kwashi hajarsa ba.

Abin da ya faru a Oktoban 2024 ya nuna raunin wannan ɓangare. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da ake ratsowa ta kansa shi ma ya samu matsala, sai yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Wutar da Kano da Katsina da Jigawa ke sha daga nesa take zuwa, daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin gas na Kudu. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta gina tasha a Gwiwa, fiye ma da maganar sauyin yanayi.

Matsala ta biyu ta fi wuya: wa zai saya, kuma wa zai tsaya masa? Kusan duk kuɗin tashar sola ana kashe su ne a ranar gini, babu sayen mai daga baya. Don haka farashin wutarta ya dogara ne kan kuɗin ruwan da banki ya ɗora, shi kuma banki yana duba ko mai saye na biyan bashi. A Yulin 2016 kamfanin NBET, mai sayen wuta a madadin gwamnati, ya sa hannu da kamfanoni 14 kan tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,000, a kan senti 11.5 na dala kowane yunit. Daga baya gwamnati ta ga farashin ya yi tsada ta nemi a sauko zuwa senti 7.5, aka kuma yi ta jan ƙafa kan takardun lamunin da masu ba da rance ke nema. Tana da hujja, tunda a wannan shekarar Zambiya ta samu kusan senti 6 ta hanyar takara a fili. Amma sakamakon shi ne ayyukan suka tsaya cik. Shirin Jigawa an tsara shi ne don gyara wannan kuskure ta hanyar takara, sai dai takara ba ta biyan bashin da ya yi wa harkar lantarki katutu.

Masar ta bi wata hanya a Benban, kusa da Aswan. Gwamnati ta ware fili mai faɗin murabba'in kilomita 37, ta yanka shi fuloti-fuloti, ta tanadi tashoshin taransifoma, ta ɗaure kanta da yarjejeniyar sayen wuta ta shekara 25. Zuwa 2019 fiye da tashoshi 30 na aiki a wurin, suna ba da kusan megawat 1,500. A nan gida, tashar Kumbotso mai megawat 10 da hukumar NSIA ta gina, aka buɗe a Janairun 2023, kashi ɗaya cikin ɗari ce kacal na abin da aka zana wa Gwiwa. Amma ita an gina ta, kuma a gefen masana'antun Challawa take.

Inda hayaƙin yake

Wannan kusanci da masana'antu shi ne darasin da ya fi shafar Kazaure da maƙwabtanta. Hayaƙin sana'o'in yankin daga bututun janareta yake fita. Lita ɗaya ta dizal na fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, kuma a janareta mai lafiya tana ba da yunit uku na wuta ko sama kaɗan. A ɗauki misalin injin casar shinkafa mai jan kilowat 50 na awa takwas: yunit 400 ke nan, wajen lita 130 na dizal, kusan kilo 350 na kabon kowace rana. Mai injin ba lissafin kabon ke hana shi barci ba, kuɗin lita 130 ɗin ne, amma maganin abu biyun ɗaya ne.

Sa'ar da aka yi, yawancin waɗannan ayyuka na rana ne. Casar shinkafa, tace riɗi, matsar man gyaɗa, walda, ban-ruwa a fadamu da kewayen madatsar Kazaure, duk ana iya yin su tsakanin hantsi da la'asar, lokacin da sola ta fi arha domin ba ta buƙatar batir. Da magariba ne lissafi ke canzawa. Batir shi ne ɓangare mafi tsada, ko da yake nau'in litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ake kira LFP, ya sauko da farashi, yana jure zafi fiye da sauran, kuma yana ɗaukar caji sau dubbai. Ko ƙanƙara ma wani irin batir ne: a daskarar da ruwa da rana, sanyinsa ya riƙe nono ko tumatir har gari ya waye.

Doka ta buɗe wannan ƙofa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma a Disambar wannan shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 ga shirin DARES da hukumar REA ke gudanarwa, domin ƙananan tashoshi masu zaman kansu da na'urorin sola na gida da na sana'a. Tasha mai megawat ɗaya ko biyu kusa da kasuwa, da layinta da mitocinta na biya-kafin-sha, ba ta jiran turakun kilobolt 330, kuma mai ita yana ganin masu sayensa ido da ido. Ba za ta ɗauki nauyin masana'antar siminti ko ta ƙarfe ba, waɗannan sai babbar tasha irin ta Gwiwa. Amma ita ce ake iya kammalawa cikin watanni.

Saura abin da ba a cika magana a kai ba, wato ƙarshen kayan. Yawancin solar da ke gidaje da shagunan yankin da batir mai dalma take aiki, wanda zafi ke kashewa cikin 'yan shekaru. Idan ya mutu, hannun 'yan gwangwan yake faɗawa, a fasa shi, a zubar da ruwan asid a ƙasa, a narka dalmar a fili. Arewa ta san illar dalma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka mutu sakamakon gubar da ta fito daga sarrafa ma'adinin zinare a cikin gidaje. Alluna ma za su tsufa, kuma gilashinsu da alminiyam ɗinsu duk ana iya sake narkawa idan akwai mai tattarawa.

Yankin na da makarantun da suka dace da wannan aiki: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Auna yawan wutar da ƙurar hunturu ke cinyewa a Gwiwa wata bayan wata, gwada wane batir ne ya fi jure zafin bazara a Babura, da horar da masu gyaran inbata, duk ayyuka ne da ɗalibansu za su iya farawa da 'yan alluna a kan rufin aji. Su ne kuma alƙaluman da duk kamfanin da ya zo takarar fuloti a Gwiwa zai fara nema kafin ya faɗi farashinsa.