Latte ba sai a kanti ba: zuma, kirfa da tsohuwar kwalba

Kafin ka sake zubar da kuɗin abincin kwana biyu a kan kofi ɗaya na latte don ka ɗora hotonsa a Instagram, ka sani cewa a Italiyanci kalmar madara kawai take nufi. Madarar ce mai yawa, gahawar kaɗan ce.

Dama ƙaramin cokali na Nescafé a ruwan zafi kaɗan, ya yi ƙarfi. A gefe guda ka kwaɓa cokalin zuma da ɗan garin kirfa. Kar ka tsallake nan fa! Kirfa ba ta narkewa, in ka barbaɗa ta haka nan sai ta taso sama, ta maƙale maka a maƙogwaro. Zumar ce ke riƙe ta.

Ɗumama madara, ko ta gari ce ka dama, amma kar ta tafasa. Zuba ta rabin kwalba mai murfi, ka girgiza har ta yi kumfa. Juye gahawar a kan kwaɓin zumar, ka juya, madara ta biyo baya.

Zuma dai zaƙi ce kamar sukari, kar wani ya ce maka magani kake sha. In kuma lakcar ƙarfe takwas gare ka, bar shi sai da safe, gahawa kan yi awanni tana hana ido runtsawa.